BABI NA UKU: ZIYARA A ƊAKIN KARATU DA GIDAN AL'ADU NA GARIN VENNESLA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan ma'anar ɗakin karatu da ma'anar gidan al'adu, an kuma nuna yadda aka saba raba waɗannan wurare biyu, wato a keɓe ɗaya domin littattafai da masu nazari, ɗaya kuma domin wasanni da tarurrukan jama'a. A wannan babi kuwa za a ɗauki misalin wani gini guda wanda ya haɗa ayyukan biyu a ƙarƙashin rufi ɗaya, shi ne ɗakin karatu da gidan al'adu na garin Vennesla da ke kudancin ƙasar Norwe, wanda aka kammala a shekarar 1432 ta Hijira, daidai da 2011 Miladiyya. An zaɓi wannan gini ne saboda dalilai biyu. Na farko, kusan dukkansa da katako aka yi shi, alhali an daɗe ana ɗaukar katako a matsayin kayan ginin da zamani ya wuce. Na biyu, ƙaramin gari ne ya gina shi domin amfanin mutanensa, ba babban birni mai tarin dukiya ba.

Babin zai fara da bayanin garin da tarihinsa, sannan ya dubi dalilin yin ginin da irin katakon da aka yi amfani da shi. Daga nan za a bi maziyarci tun daga dandalin gari har zuwa cikin zauren littattafai domin a ga abin da zai tarar. A ƙarshe za a kawo matsalolin da irin wannan gini ke tattare da su, da kuma inda ya yi kama da ginin gargajiya na Hausawa.

3.1 Garin Vennesla da Dangantakarsa da Itace

Vennesla ƙaramar hukuma ce a lardin Agder, kimanin kilomita 15 arewa da birnin Kristiansand wanda ke bakin teku. Mutanen ƙaramar hukumar sun kai kimanin 15,000, kuma mafi yawansu suna zaune ne a gefen kogin Otra, wanda ya taso daga tsaunukan arewa ya ratsa ta tsakiyar garin kafin ya faɗa teku. Wannan kogi shi ne tushen arzikin garin tun asali, domin ta kansa ake turo gumagumai daga dazuzzukan da ke sama zuwa wuraren tsaga katako, daga baya kuma aka riƙa samar da wutar lantarki daga ƙarfin ruwansa. Har yanzu akwai wata doguwar kwata ta katako mai tsawon kimanin kilomita 4, wadda aka yi domin gumagumai su kewaye wurin da ruwan kogin ya yi ƙaranci saboda madatsar ruwa. An daina aiki da ita, sai ta zama hanyar da masu yawon buɗe ido ke bi da ƙafa.

A shekarar 1886 aka kafa masana'antar takarda ta Hunsfos a garin, wadda ta daɗe tana cikin manyan wuraren da mutanen Vennesla ke samun aiki. Wannan masana'anta ta durƙushe a shekarar 2011, wato a shekarar da aka buɗe sabon ɗakin karatun. Ke nan a daidai lokacin da garin ya rasa wurin da ya fi shekara ɗari yana mayar da itace takarda, a lokacin ne ya sami ginin katako domin adana littattafai. Wannan yana taimakawa wajen fahimtar dalilin da ya sa zaɓen katako bai zama baƙon abu ga mutanen garin ba, domin sana'ar iyayensu da kakanninsu ce.

Haka abin yake a ƙasar baki ɗaya. Daji ya mamaye fiye da kashi ɗaya cikin uku na faɗin ƙasar Norwe, kuma mafi yawan itatuwan irin na ƙasashen sanyi ne, masu tsayi da miƙewa, waɗanda ganyensu ya yi kama da allura, kamar fayin da sifurus. Mutanen ƙasar sun daɗe suna gina gidaje da jiragen ruwa da wuraren ibada da su. Alal misali, cocin katako na Urnes, wanda aka gina wajen shekarar 1130, yana nan tsaye har yau, kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin kayan tarihi na duniya a shekarar 1979.

3.2 Dalilin Yin Ginin

Kafin wannan gini, akwai wasu gine-gine biyu na jama'a a tsakiyar garin waɗanda ke kusa da juna amma ba a haɗe suke ba. Ɗaya shi ne tsohon gidan taron jama'a, ɗaya kuma cibiyar koyon ilimi. A shekarar 2005 hukumar garin ta yanke shawarar dawo da ɗakin karatu tsakiyar gari, a gina shi a filin da ke tsakanin waɗannan gine-gine biyu, ta yadda zai haɗa su su zama cibiya guda. Manufar hukumar ta ƙunshi abubuwa kamar haka:

(i) Samar wa mutanen garin wurin haɗuwa wanda kowa zai iya shiga ba tare da ya biya kuɗi ba.

(ii) Haɗa karatu da nishaɗi da koyon ilimi a wuri ɗaya, domin wanda ya zo saboda ɗaya ya ci karo da sauran.

(iii) Ƙawata tsakiyar garin da gini mai kyau wanda zai ja mutane zuwa dandali.

Muhimmancin batu na farko zai fi fitowa fili idan aka dubi yanayin ƙasar. A watan Disamba hasken rana a wannan yanki bai wuce kimanin awa shida ba, ga tsananin sanyi da ruwan sama da ƙanƙara. Saboda haka zaman hira a ƙofar gida ko a inuwar bishiya ba ya yiwuwa a watanni da dama na shekara. Duk wanda ke son haɗuwa da mutane dole ne ya nemi wuri mai rufi da ɗumi, kuma mafi yawan irin waɗannan wurare na 'yan kasuwa ne, waɗanda ba a zama a cikinsu sai an sayi wani abu. Tsoho mai ƙaramin fansho da ɗalibi da baƙon da ya yi ƙaura zuwa garin su ne suka fi cutuwa da wannan hali.

A shekarar 2008 aka shirya gasa tsakanin masu tsara gine-gine, inda kamfanin Helen & Hard na birnin Stavanger ya yi nasara. Siv Helene Stangeland da Reinhard Kropf su ne suka kafa wannan kamfani, kuma an san su da aiki da katako. Faɗin sabon ginin ya kai murabba'in mita 1,938. A shekarar 2012 ya sami lambar yabo ta gwamnatin Norwe wadda a wancan lokaci ake bai wa ginin da ya yi fice wajen kyawun tsari da dacewa da muhallinsa.

3.3 Irin Katakon da Aka Yi Amfani da Shi

Idan aka ce an yi babban gini da katako, mai karatu zai iya zaton falankin da kafinta ke yin benci ko ƙofa da shi ake nufi. Wanda aka yi amfani da shi a Vennesla daban ne, kuma a wannan nazari za a kira shi liƙaƙƙen katako. Yadda ake yin sa shi ne, a tsaga itace zuwa falankai waɗanda kaurinsu bai wuce milimita 45 ba, a busar da su a cikin na'ura har danshinsu ya dawo kimanin kashi 12 cikin ɗari, sannan a tantance su a yanke duk wurin da ke da babban ƙulli ko tsagewa. Bayan haka sai a fere bakin kowane falanki kamar yatsun hannu, a sarƙa shi da na gaba da gam, har a sami tsawon da ake bukata. Daga nan sai a jera falankan ɗaya bisa ɗaya, a shafa gam mai ƙarfi a tsakaninsu, a matse su da na'ura har su kama su zama gungume guda.

Wannan dabara tana da amfani ta fuskoki uku. Ta farko, girman ginshiƙi bai dogara ga girman bishiya ba, domin ana iya haɗa ƙananan falankai su ba da tsawon mita da yawa. Ta biyu, raunin da ke jikin wani falanki ba ya shafar dukkan ginshiƙin, saboda na sama da na ƙasa suna tallafa masa. Ta uku, tun da kowane falanki siriri ne, ana iya lanƙwasa su kafin gam ya bushe, su ba da siffar baka ko duk wata siffa da mai tsara gini ya zana. Wani Bajamushe mai suna Otto Hetzer, mutumin garin Weimar, shi ne ya yi rajistar wannan fasaha ta lanƙwasasshen katako a shekarar 1906.

Duk da cewa fasahar ta daɗe, ba a yi saurin amfani da ita a manyan gine-ginen birane ba saboda tsoron gobara. A watan Janairu na shekarar 1904 wuta ta cinye kusan dukkan garin Ålesund, inda gidaje kimanin 850 suka ƙone, mutane wajen 10,000 suka rasa matsuguni. A wannan shekara aka yi dokar da ta tilasta yin gini da bulo ko dutse a tsakiyar biranen Norwe. Sai a ƙarshen ƙarni na 20 katako ya dawo da martabarsa. An rufa babban zauren wasan ƙanƙara na garin Hamar da liƙaƙƙen katako domin wasannin Olamfik na hunturu na shekarar 1994, haka kuma aka yi wa rufin filin jirgin saman Oslo wanda aka buɗe a 1998. A shekarar 2019 kuwa aka kammala benen Mjøstårnet a garin Brumunddal, mai hawa 18 da tsayin mita 85.4. Ginin Vennesla yana tsakiyar wannan farfaɗowa ne. An yi amfani da liƙaƙƙen katako fiye da mita kubik 450 a jikinsa, har da bango da daɓen bene da ramin da na'urar hawa bene ke bi.

3.4 Abin da Maziyarci Zai Tarar

3.4.1 Daga Dandali Zuwa Ƙofa

Mai ziyara yakan iso ne ta babban dandalin garin. Abin da zai fara gani shi ne faffaɗan bango na gilashi wanda ke ba shi damar hango kantocin littattafai da mutanen da ke ciki tun kafin ya shiga. A gaban gilashin akwai rumfa wadda rufin ginin ya miƙo ya yi, inda mutum zai iya zama ya fake wa ruwan sama ko da ba shi da niyyar shiga. Wannan rumfa tana da muhimmanci ga manufar ginin, domin ita ce ke rage nauyin da wasu mutane ke ji na shiga wurin da suke ɗauka na masu ilimi ne kaɗai.

Jikin ginin ta waje an lulluɓe shi da katakon zuciyar fayin wanda ba a shafa wa fenti ba. Zuciyar wannan itace tana ɗauke da ƙaro wanda ke kare ta daga saurin ruɓewa, kuma launinta yakan sauya a hankali ya koma toka-toka saboda rana da ruwa. A ɓangaren baya, wanda ke fuskantar ƙananan gidajen unguwa, an rage girman ginin don kada ya danne maƙwabtansa, an kuma jera tsayayyun katakai a gaban tagogi domin rage ƙarfin hasken rana a lokacin bazara.

Wani abin lura shi ne hanyar da ta ratsa ta cikin ginin daga dandali zuwa titin baya. Wanda ke kan hanyarsa ta zuwa wani wuri zai iya shiga ta wannan ƙofa ya fita ta waccan. Da gangan aka yi haka, domin wanda ya saba ratsawa ta tsakanin littattafai kullum yana iya tsayawa wata rana ya ɗauki ɗaya.

3.4.2 Haƙarƙarin Ginin

Da zarar maziyarci ya shiga zai ga kansa a cikin dogon zaure guda wanda babu bangon da ya raba shi. Abin da ke riƙe da zauren shi ne wasu ginshiƙai 27 na liƙaƙƙen katako waɗanda aka jera ɗaya bayan ɗaya tun daga gaba har baya. Masu tsara ginin sun kira su haƙarƙari, kuma mutane da yawa sun kwatanta cikin zauren da cikin ƙaton kifin nan na teku da ake kira wel. An ƙera su ne a masana'anta, aka yanka allunan filawud da ke rufe su da na'urar da kwamfuta ke sarrafawa, sannan aka kawo su aka harhaɗa a wurin ginin.

Abin da ya bambanta waɗannan haƙarƙari da ginshiƙan sauran gine-gine shi ne yawan ayyukan da kowannensu ke yi. Idan mutum ya bi guda ɗaya da ido daga sama zuwa ƙasa zai ga abubuwa kamar haka:

(i) A can sama shi ne ke ɗauke da nauyin rufi.

(ii) A jikinsa an shimfiɗa lanƙwasasshen gilashi wanda ke rufe fitilu, shi ne kuma ke ɗauke da alamomin da ke nuna wa mai neman littafi sashen da yake.

(iii) A cikinsa aka ɓoye bututun da ke shigo da iska mai kyau, tare da kayan da ke shanye ƙara domin kada sauti ya riƙa amsa kuwwa.

(iv) Da ya sauko ƙasa sai ya lanƙwaso ya zama kantar littattafai.

(v) A ƙarshensa kuma ya zama wurin zama, inda mai karatu zai shige cikin ɗan lungu ya keɓe kansa.

Haƙarƙarin ba girmansu ɗaya ba. Kowanne ya ɗan bambanta da na kusa da shi, domin ginin ya dace da tsayin tsofaffin gine-ginen biyu da ke gefensa, da kuma bukatar kowane sashe. Wannan sauyi na sannu a hankali shi ne ya sa zauren ya yi kama da igiyar ruwa ga wanda ya tsaya a bakin ƙofa yana hangen ƙarshensa. Tsarin ya kuma warware wata matsala da ɗakunan karatu na zamani ke fuskanta, wato yadda za a haɗa mai son shiru da mai son hira a wuri guda. Tsakiyar zauren ta zama ta masu wucewa da masu gaisawa, lungunan gefe kuma suka zama na masu nazari.

3.4.3 Sauran Sassan Cibiyar

Baya ga littattafai, sabon ginin ya ƙunshi wurin shan shayi da gahawa, da ɗakunan taro, da ɗan ƙaramin dandamali na gabatar da jawabi ko waƙa ko karatun marubuta, da kuma ofisoshin ma'aikata. Daga cikinsa ake ratsawa zuwa tsohon gidan taro ta gefe guda, da cibiyar koyon ilimi ta ɗaya gefen. Gina shi a tsakani ya kawo wata riba ta daban, domin bangayen tsofaffin gine-ginen da a da suke fuskantar sanyin waje yanzu sun koma cikin gida, saboda haka ɗumin da ke tsiyaya ta jikinsu ya ragu. An sanya ginin a rukuni na farko a ma'aunin tsimin makamashi na ƙasar Norwe.

3.5 Matsayin Ɗakin Karatu a Dokar Ƙasar

Ba za a fahimci yadda ƙaramin gari ya ɗauki irin wannan nauyi ba sai an dubi matsayin ɗakin karatu a ƙasar. Ɗakin karatu na Deichman da ke Oslo ya buɗe ƙofarsa tun a shekarar 1785. A shekarar 1898 Haakon Nyhuus, wanda ya yi aiki a ɗakunan karatu na birnin Shikago a Amurka, ya zama shugabansa, ya kuma shigo da tsarin barin masu karatu su je gaban kanta da kansu su zaɓi abin da suke so, maimakon su tsaya a bayan tebur suna roƙon ma'aikaci ya miƙo musu. Dokar ɗakunan karatu ta shekarar 1985 ta wajabta wa kowace ƙaramar hukuma ta samar da ɗakin karatu na jama'a, ta kuma tabbatar da cewa aron littafi kyauta ne ga duk mazaunin ƙasar. Bugu da ƙari, tun daga shekarar 1965 hukumar al'adu ta ƙasar take sayen ɗaruruwan kwafe na sababbin littattafan adabi da aka wallafa da harshen ƙasar tana rarraba wa ɗakunan karatu, abin da ke tallafa wa marubuci da mawallafi a harshen da masu magana da shi ba su wuce miliyan biyar da 'yan kai ba.

A shekarar 2013 majalisar ƙasar ta yi wa dokar gyara, wanda ya fara aiki a farkon 2014. Gyaran ya ƙara wa ɗakin karatu wani aiki, wato ya zama wurin haɗuwar jama'a mai zaman kansa, kuma fagen tattaunawa da muhawara a kan al'amuran da suka shafi al'umma. Idan aka lura za a ga cewa ginin Vennesla ya riga wannan gyara da shekara biyu, amma abin da dokar ta zo ta faɗa shi ne abin da aka riga aka zana a tsarinsa.

3.6 Matsalolin da ke Tattare da Ginin

Matsala ta farko da ke zuwa zuciyar kowa ita ce gobara, musamman a wurin da aka tara takardu. Bayanin masana shi ne, kakkauran katako ba ya ci kamar ƙirare. Idan wuta ta kama shi, bayansa yakan zama gawayi, gawayin kuma ya tare zafi daga isa ciki da sauri. Wuta tana cin liƙaƙƙen katako da kimanin milimita 0.7 a minti ɗaya, wato wajen santimita 4 a awa guda. Saboda haka injiniya yana iya lissafa kaurin da zai ƙara wa ginshiƙi domin ya ci gaba da ɗaukar nauyi har mutane su fita. Shi kuwa ƙarfe, duk da ba ya ƙonewa, yakan rasa kimanin rabin ƙarfinsa idan zafi ya kai digiri 600. Sai dai wannan lissafi ya shafi tsayuwar gini ne kawai. Littattafai da kujeru suna iya ƙonewa a kowane irin gini, don haka ba a rabuwa da na'urorin gano hayaƙi da na kashe wuta.

Matsala ta biyu ita ce danshi. Katakon da ya daɗe a jiƙe yakan ruɓe, don haka dole ne a riƙa duba rufi da magudanan ruwa a kai a kai, a kuma tabbatar da cewa ƙasan ginshiƙai bai taɓa ƙasa mai laima ba.

Matsala ta uku ta taso ne daga abin da aka fi yabon ginin a kansa. Tun da kantoci da kujeru sassa ne na ginshiƙan da ke riƙe da rufi, ba za a iya ture su gefe ba. Ɗakin karatu kuwa wuri ne da bukatunsa ke sauyawa. Yau ana bukatar ƙarin kantoci, gobe ana bukatar fili domin kwamfutoci ko taron yara. A wurin da kantoci ke da tayoyi ma'aikata suna iya sauya tsarin zaure cikin awa ɗaya, amma a Vennesla tsarin da aka yi a 2011 shi ne zai daɗe yana iyakance abin da za a iya yi a babban zauren.

Ta fuskar muhalli kuwa, hujjar masu goyon bayan katako ita ce, sarrafa siminti yana samar da kimanin kashi 8 cikin ɗari na iskar kabon da ɗan Adam ke fitarwa a duniya, alhali bishiya tana zuƙe wannan iska ne a lokacin da take girma, kuma kabon ɗin yana zama a jikin katako muddin ginin yana tsaye. Wannan hujja tana da sharaɗi guda, shi ne a dasa sabuwar bishiya a madadin wadda aka sare. A ƙasar da daji ke ƙarewa, yin gini da katako ƙarin ɓarna ne.

3.7 Kamancin Ginin da Ginin Gargajiya na Hausawa

Tsarin jera bakuna domin su riƙe rufin babban zaure ba baƙo ba ne ga maginan ƙasar Hausa. A masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu a farkon rabin ƙarni na 19, an yi amfani da azara ta giginya, ana ɗaura gajerun guntaye ɗaya a kan ɗaya, kowanne yana ɗan zarce na ƙasansa, ana lulluɓe su da ƙasa har su haɗu a sama su zama bakan gizo. Hikimar iri ɗaya ce da ta liƙaƙƙen katako, wato a haɗa gajerun itatuwa su ƙetare faɗin da guda ɗaya ba zai iya ba. An zaɓi giginya ne saboda gara ba ta cika cin ta ba, wanda kuwa shi ne babban dalilin da zai hana katakon ƙasashen sanyi daɗewa a ƙasar Hausa in ba a yi masa magani ba.

Misalin da ya fi kusa da na Vennesla a ƙasar Hausa shi ne cibiyar Hikma ta ƙauyen Dandaji a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, wadda aka kammala a shekarar 2018. A can masu tsara gini biyu, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili, sun gyara tsohon masallacin ƙasa na ƙauyen suka mayar da shi ɗakin karatu da wurin koyon ilimi, aka kuma gina sabon masallaci a kusa da shi da tubalin ƙasa wanda aka matse da na'ura. Abin da wuraren biyu suka yi tarayya a kansa shi ne, kowannensu ya ɗauki kayan ginin da mutanen wurin suka gada, ya inganta shi da na'urar zamani, ya kuma dasa ɗakin karatu a inda ƙafar jama'a ta riga ta saba zuwa.

3.8 Naɗewa

A wannan babi an yi bayani a kan ɗakin karatu da gidan al'adu na garin Vennesla. An nuna cewa garin ya daɗe yana rayuwa a kan itace da kogi, kuma hukumarsa ta yi ginin ne domin samar wa mutane wurin haɗuwa kyauta a ƙasar da sanyi ke hana zaman waje. An bayyana yadda ake yin liƙaƙƙen katako, da yadda haƙarƙari 27 suka haɗa aikin ginshiƙi da fitila da kanta da kujera. Haka kuma an ga cewa doka da tallafin gwamnati ga littattafan harshen gida su ne suka ba ginin abin da zai ajiye da mutanen da za su zo. An kawo matsalolin gobara da danshi da rashin damar sauya tsarin zaure, sannan aka kwatanta ginin da bakan gizo na maginan Hausa da cibiyar Hikma ta Dandaji. Babi na gaba zai dubi ire-iren ayyukan adabi da ake gudanarwa a irin waɗannan cibiyoyi, da rawar da suke takawa wajen raya harshen al'ummar da ta mallake su.